Ranar da Maraɗi ta juye ma Baba Sa'idu

Baba Sa'idu ɗan kabu-kabu ne a Maraɗi, wato mai ɗaukar fasinja a babur, kuma in kana neman wanda ya hi shi daɗewa bisa moto cikin garin nan wallahi sai ka sha wuya. Shekarunshi sittin da bakwai. A Tsibiri anka haihe shi, Bagobiri ne da zanenshi har kunne, tun shina ɗan shekara goma sha biyu shike koro amalanken jaki da damman hatsi daga Tsibiri zuwa Maraɗi, daga nan ya koma keke shina kai kaya shago shago, daga keke ya samu moto, yau shekara talatin bai sauka ba. Ya yi aure ya zauna unguwar Bagalam da matarshi Atika, ita ma 'yar Tsibiri ce. Ɗiyansu huɗu, ukku maza duk sun bazu neman abinci wasu garuruwa, sai auta Hidaya da ke aure nan unguwar Zariya tana ɗinki, ita ma ta iya moto don shi ya koya mata da kanshi.

Abin da anka san shi da shi sanin gari. In fasinja ya faɗi gidan da samarin tasha ba su sani ba sai ka ji an ce a tambayi Baba, shi kuma ko ɗaga kai ba ya yi, kuma ba ya cewa hagu ko dama, sai dai ka ji ya ce ka yi gabas har mai niƙa, ka karya gusum, kudu ke nan, lungu na biyu, gida mai ƙyaure shuɗi, ka yi sallama a hankali akwai kare. Kuma ka je ka iske kare.

Shekarun nan da gwiwa ta fara mishi ciwo ya daina yawon cikin gari, ya tsaya ga aiki guda. Kullum da sahe ya tahi Jiratawa ya ɗauko Fasuma mai zogale da buhunanta biyu ya kai ta kasuwa, da azahar ya maida ta. Shekara tara, hanya guda, har shina cewa moton ma in an sake shi shi kaɗai zai je ya dawo.

To wata Litinin da hantsi sun taso daga Jiratawa lahiya lau, sun shigo gari, sunka iso rampuwan ɗin nan inda hanyoyi huɗu ke haɗuwa motoci na zagayawa, sai gari ya juye mishi. Ba jiri ba ne, idonshi na ganin komai tar, ga gidan mai, ga mai shayi, ga mai gyaran taya, amma wallahi bai san wace hanya ke zuwa ina ba, duk huɗun sun zama iri guda kamar yau anka kawo shi garin cikin buhu anka zazzage. Ya ɗaga kai ya nemi rana ya iske ta wani wuri da bai kamata ba. Ya zagaya sau ɗaya, ya sake zagayawa, ya sake.

"Kai Bagobiri," in ji Fasuma daga baya, "yau lilo munka zo yi ne? Zagaye na ukku ke nan fa, zogalena na yaushi."

"Birki nike saurare, Bakatsina, yi min shiru."

"Birki ko dai barci? Ga hanya can kana kallonta kamar surukarka."

Ta miƙa hannu ta gehen kunnenshi, shi kuma ya bi hannun nan kamar makaho ya samu sanda. Da sunka isa bakin kasuwa ya sauke mata buhuna ya ce yau ta nemi adaidaita da azahar, shina da wani uzuri. Ta ce Gobirawa dai ba su tsufa da kyau, ta yi dariya ta shige.

Sai ya rage shi kaɗai, kuma bai san ina ne gida ba.

Tambaya? Wa zai tambaya? Baba Sa'idu ya tsaida mutum ya ce don Allah ina ne Bagalam, ai kahin la'asar duk tashoshin kabu-kabu na Maraɗi sun ji. Sai ya dinga bin lungu lungu ko zai ga abin da zai kama, kowane lungu ya kai shi wani da ya hi shi baƙunta, zuhwa na zuba har cikin ido, zuciya na bugawa har shina jinta cikin haƙora. Can ya ga wani kango da ba a gama ginawa ba ya tura moton bayanshi ya tsaya shina haki, nan ne ya tuna abin da kakarshi ta koya mishi a Tsibiri. Ta ce in mutum ya yi makuwa a daji, wato gabas da yamma sunka ɓace mishi, to masu abu ne, aljanu, sunka juya mishi ƙasa, sai ya tuɓe riga ya juya ta bai-bai ya maida, hanya za ta buɗe. Tsoho da gemu fari, tsakiyar Maraɗi, rana tsaka, ya tuɓe jile, 'yar rigar saman nan ta kabu-kabu mai lamba, ya tuɓe riga, ya juya su duka biyu ya maida shina karanta duk addu'ar da ta zo bakinshi, wata ma rabi ya yi ya kama wata.

Bai san daɗewar da ya yi ba sai ya ji kiran sallar azahar, kuma cikin muryoyin ya tsinto guda mai shaƙewa wadda ke tari kahin ta fara, ladanin masallacinsu ne. Ya bi muryar nan a ƙasa shina tura moto, ashe lungu ukku ne tsakaninshi da ƙohwar gidanshi. Murna da tsoro sunka sa ya manta da riga.

Atika na tsakar gida tana wanke tukunya ta ɗago kai. Ɗinkin riga a waje, aljihu na reto kamar harshen akuya, lambar jile ta ɓuya ciki. In da wata ce haihuwar birni dariya za ta yi. Atika ta saki tukunyar cikin ruwa.

"Malam, ina ka yi makuwa?"

"Wace irin makuwa kuma? Sauri na yi da sahe na sa ta haka."

"Ni na miƙa maka ita da sahe, kuma daidai ka sa ta ina kallo. Jilen ma sauri ne?"

Su biyun abu guda sunka tuna. Mahaihinshi Malam Hamidu manomi ne, shekara hamsin shina noma gona guda, wata sahiya ya hita zuwa gonar nan ba a sake ganinshi ba sai rana ta ukku, can bakin gulbi, ƙahwa ta kumbura, riga bai-bai, ana kiran sunanshi shina waige shina neman mai sunan. Daga ranar anka sa shi ɗaki da kwaɗo ta waje. Shekara biyu shina buga ƙyaure shina cewa a buɗe zai je gona. Atika na amarya lokacin, ita ke kai mishi hura, kuma Sa'idu ne da hannunshi ya sayo kwaɗon.

Kahin ya gama sallah Atika ta kira Hidaya a salula. Hidaya ta zo ko mayahi bai zauna daidai ba, ta nuhi moto ta zare makulli ta jehwa jakarta.

"Ke Hidaya, ni ne fa ubanki."

"Na sani Baba, shi ya sa."

"In kunka raba ni da moton nan saura me? Saura ɗaki. Na san yadda ake yi, ni na yi ma wani."

"Ba wanda ya ce ɗaki. Gobe dai mu je likita."

Washegari sunka je likitar unguwa, ɗan asibitin nan, wajen majo babban mai jinya, wani dogon mutum Bilal mai magana a hankali. Ya auna tansiyo, wato hawan jini, ya ce ta hau sosai, ya diba suga, ya haska ido, ya faɗi abu ukku ya ce Baba ya riƙe, can da an jima ya tambaye shi, biyu sunka zo ɗaya ya ƙi zuwa. Baba Sa'idu ya ji kamar an zuba mishi ruwan randa a baya.

"Majo faɗa min gaskiya, ciwon babana ne?"

"Ban sani ba Baba, kuma ba zan ce maka na sani ba. Zai iya zama shi, zai iya zama tansiyo da gajiya. Yaushe rabonka da bin hanyar da ba ta Jiratawa ba?"

Ya yi ta tunani, ya ce ya kai shekara tara.

"To ka gani, hannunka ke tuƙi, kanka na zaune ba aiki. Ka yi allo?"

"Na yi, har izu goma."

"In ka bar tilawa me ke faruwa?"

"Zubewa shike."

"To ka yi ma gari tilawa. Kullum bayan asuba ka rintse ido ka hita daga gidanka cikin kai, ka bi hanya kana faɗin abin da ke kanta ɗaya bayan ɗaya, yau Tsibiri, gobe kasuwa, jibi wani wuri. Ka zana a ƙasa. Ka taka da ƙahwa, kada ka koma ta inda ka je. Ka zauna cikin mutane ka yi dara. Ga maganin tansiyo kada ka tsallake. Ban ce zai warkar da kai ba, na ce shina taimakon wasu. Moto kuma sai bayan kwana arba'in mu gani, in ko abin ya sake zuwa to ka bar shi ka dawo in tura ka wajen manyan likitoci."

Hidaya ta ce ta yarda, bayan kwana arba'in ita za ta hau bayanshi su je Tsibiri su dawo ba za ta ce uffan ba, in ya kai su ya maido su makulli nashi ne.

Ranar farko ta tilawa ita ce ta hi ba shi tsoro. Ya zauna bisa tabarma ya rintse ido, ga ƙohwar gida, ga masallaci, ga mai ƙosai, ya karya arewa, ga mai niƙa, sai kawai ba komai. Rami. Fari fat kamar an goge allo. Ya san akwai abu bayan mai niƙa, ya bi wurin ya hi sau dubu, amma wallahi babu. Ya buɗe ido da sauri shina lalube tabarma don ya tabbata shina gida. Atika na kallonshi daga madahwa ta yi kamar ba ta gani ba, amma kunun ranar gishiri ta zuba mishi maimakon suga.

Ya samu karan dawa ya dinga zana gari a tsakar gida, ga hanyar Tsibiri ga ta Jiratawa ga babbar kasuwa, akuya ta zo ta taka unguwar Mokoyo ta yi kashi a Sabon Gari, ya kore ta da zagi ya sake zanawa. Duk inda ya iske rami sai ya tashi ya taka da ƙahwa ya je ya gani, Atika na tsaye bakin ƙohwa har ya dawo, in ya daɗe sai ya iske ta da takalmi a ƙahwa da mayahi a hannu. A yawon nan ya gano wani abu da ya ƙara tada mishi hankali. Tsamiyar da shike kwatance da ita bayan mai niƙa an sare ta tun tuni an gina bene. Rijiyar da shike karya kwana wurinta an cike ta an sa shagon cajin salula. Ashe garin da ke kanshi ya tsuhwa ya bar na ƙasa, shekara da shekaru shina wucewa bai diba ba. Sai ya dinga cire tsoho shina sa sabo, bene mai taga kore, shagon caji, mai kankana, kullum shina maimaitawa kamar sabon ɗan makaranta.

Da la'asar ya je gindin dogon yaro wajen tsohwahhi masu dara, sunka cinye shi sau shidda a jere suna cewa ashe Baba sanin hanya kawai ya iya. Bai gaya ma kowa dalili ba, a tasha ma cewa ya yi moto ne ke gareji. Wata rana tilawa ta tahi sumul har Tsibiri ya tashi shina murna, washegari sai rami ya buɗe a wurin da jiya babu. Rana guda kuma ya tsaya zai yi sallah cikin ɗakinshi na shekara talatin ya ji ya yi shakkar gabas, ya tsaya hannu a sake har ya ga inda goshinshi ya cinye tabarma sannan ya kabbara, bayan ya sallame ya daɗe bai iya tashi ba.

Kwana arba'in sunka cika ranar Asabar. Hidaya ta zo da hantsi ta miƙa mishi makulli, ya karɓa ya sa. Ta hau baya. Atika ta ce Allah ya kiyaye har sau ukku.

Zuwa lahiya lau. Shina tuƙi leɓenshi na motsi, kowane abu ya faɗi sunanshi kahin su iso sai ga shi, gonakin hatsi na wucewa, iska na bugun huska, sunka shiga Tsibiri ya zagaya ta ƙohwar gidansu na da ya gaida mutane bai ko sauka ba, ya juyo. Hidaya ta saki jiki har ta hiddo salula tana diba saƙon masu ɗinki. Sunka shigo Maraɗi, sunka iso wata mahaɗa inda manyan motocin kaya ke shige da hice.

Sai gari ya sake juyewa.

Kamar an ɗaga tire an juya shi haka ya ji. Ga tirela a baya ta danna mishi oda har ƙasa na rawa, ga adaidaita ta gabanshi, ga gwiwar ɗiyarshi ta taɓa ƙugunshi, shi kuma bai san gaba ba bai san baya ba. Allah ya sa akwai ɗan hili gehen mai lemu, ya hwaɗa wurin ya taka birki, tirelar ta wuce iskarta ta kusa kada su. Ya dahe kan moto ya rintse ido ya koma Tsibiri cikin kai, ya faro daga ƙohwar gidansu, ga kasuwa, ga bakin kwalta, ga gonaki, ga gidan mai na farko, ga na biyu, ga masu tumaki, ɗaya bayan ɗaya, har ya iso mai lemun da ke gabanshi. Ya buɗe ido. Gari ya koma ya zauna. Ga gabas, ga hanyar gida ɓaro ɓaro. Duka bai hi tsawon raka'a biyu ba.

"Baba addu'a kake yi?" in ji Hidaya, idonta na kan salula. "Direbobin nan ba su da hankali wallahi. Mu je, ai ka ci, saura kaɗan mu isa."

Ba ta gani ba. In ya tada moto yanzu minti biyat sun isa gida, makulli nashi, Litinin shina Jiratawa. Ya sa ƙahwa zai tada, sai ya dakata. Ya waiga ya dibi inda tayar tirela ta bi, taku biyu daga inda ƙahwar Hidaya take.

"Sauka Hidaya."

"Lahiya?"

"Ya sake juyewa. Yanzun nan."

Ta sauka a hankali, salular ta kusa suɓucewa. "Amma Baba ai ka gane, ga shi kana magana daidai, ina ne gida?"

Ya nuna mata da hannu, kuma daidai ya nuna.

"To ka gani! Tilawar ta yi aiki."

"Ta yi, bayan na samu wurin tsayawa. In da babu wurin fa? In da Fasuma ce da buhu biyu?"

Ya zare makulli ya kamo hannunta ya sa mata ya danne yatsunta a kai. Ita da ta ƙwace shi da ƙarhi kwana arba'in da sunka wuce yanzu sai ta hwashe da kuka bakin hanya, mai lemu na kallonsu ya rasa wa zai ba haƙuri.

"Bar kuka ki ja mu, rana na yi."

Ta hau gaba ya hau baya. Shekara talatin bai taɓa zama wurin ba, ya rasa inda zai sa hannu, ya kama ƙarhen baya ya saki, ya kama gwiwarshi, daga baya ya riƙe bakin mayahinta. Duk motar da ta wuce sai ya rintse ido. Ta zo za ta bi doguwar hanya ya ce ke ina za ki, shiga lungun nan ya hi kusa, ta ce Baba ka tabbata, ya diba cikin kanshi sannan ya ce na tabbata, ta shiga, lungun ya hidda su daidai bayan masallacinsu.

Atika na bakin ƙohwa. Ta ga wanda ke gaba ta ga wanda ke baya, ta matsa ta buɗe ƙyaure duka biyu anka shigo da moto. Yanzu shina nan jingine cikin zaure an lulluɓe shi da tsohon zane. Baba Sa'idu bai ci abincin kirki ba ranar, ya dinga tambayar Atika ko ta lura ya taɓa kiranta da wani suna, ta ce a'a, ya sake tambaya bayan la'asar ta ce a'a Malam.

Majo ya rubuta musu takardar zuwa wajen manyan likitoci, ranar Laraba za su. Hidaya ta ce za ta zo da adaidaita. Baba Sa'idu ya ce a'a, a ƙasa za su tahi ko da za su kai azahar, shi zai shiga gaba, ita ta biyo shi a baya kusa kusa, kuma kada ta saki idonta daga kanshi.